Baffa Njobdi da Gayyar da Ba Wanda Ya Zo

Kullum da sassafe, kafin hayaƙi ya fara tashi daga madafan Mayo Kesum, wani dattijo yakan fito da sandarsa, ya bi ta bayan makarantarmu, ya hau tudun da ke kallon ƙaramin kurmi. Akwai wani falalen dutse a wurin da ya yi santsi saboda zamansa. Zai kafa tafin hannu a bayan kunne, ya yi shiru. In rana ta ɗaga sai ya sauko, ya tsaya a bakin dangata.

"Dija, ya buga yau?"

"Ya buga, Baffa!" Dole in ɗaga murya, har kajina su watse.

"An amsa masa?"

"Ba a amsa ba!"

"To. Allah ya kai mu gobe."

Haka muka yi shekaru, ni da shi. Wanda yake tambaya ko ya buga ɗin ba mutum ba ne. Biri mai ganga ne, wannan baƙin biri marar wutsiya mai tafiya kamar tsohon da noma ya gama da bayansa, wanda ke dukan saiwar manyan itatuwa da hannu da ƙafa don 'yan'uwansa su san inda yake. Guda ɗaya ya rage a ƙaramin kurmi, namiji, mun sa masa suna Gwauro. Dattijon kuwa shi ne Baffa Njobdi, maƙwabcina, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa yana bin ƙauyukanmu yana koya mana yadda za mu zauna da waɗannan dabbobi ba tare da mun ƙarar da su ba. Bana ya ajiye aiki. Ba a yi masa taro ba, ba a buga masa ko gwangwani ba. Ni malamar firamare ce, alƙalami kaɗai nake da shi, shi ya sa na ce bari in yi masa da abin da nake da shi tun yana raye. Yabon da ake yi wa gawa bai taɓa sa ta murmushi ba.

Wata ƙungiya ce ta fara ɗaukarsa, tun ina budurwa. Sun zo neman wanda ya san daji, aka nuna musu shi. Suka ba shi keke da wani farin ƙyalle mai zanen birai, suka ce ya riƙa tara mutane yana yi musu bayani. Bayan 'yan shekaru aikinsu ya ƙare, suka naɗe tabarmarsu suka tafi. Keken ma ya bi su da sannu, yau taya, gobe sarƙa. Kowa ya ɗauka an gama. Sai ga Baffa da ƙyallensa a kafaɗa, a ƙafa.

Tun kafin su tafi ya gane cewa taron gindin bishiya ba ya kama mutanenmu. Za mu zo, mu ce "to, to, gaskiya ne", idonmu na kan kwalin lemo. In an watse, maganar ta watse. Sai ya ɗauki garmarsa ya koma bin gayya.

Wanda ba ɗan nan ba zai ce mene ne haɗin gayya da biri. To, a wurinmu duk wanda ya zubar da gumi a gonarka yana da haƙƙin magana a kan kunun gayya, kuma ba a katse shi sai ya ajiye ludayi. Ko Jauro, mai garinmu, bai isa ba. Baffa ya riƙe wannan al'ada kamar wuyan ɓarawo. Duk ƙauyen da aka kira gayya, ko bayan dutse ne, da asuba yana can. Zai kama kuyyarsa ya yi noma kamar gonar ubansa ce. In an zauna shan kunu, sai ya ɗebo, ya kurɓa kaɗan, ya shimfiɗa ƙyallensa a ƙasa da ɗaya hannun.

"Wayyo, ya ɗauki ludayi!" in ji samari.

"Njobdi, don girman Allah shanye ka ajiye, kunun nan zai yi tsami a hannunka."

"Ai ban hana ku sha ba," in ji shi. "Baki ke sha, kunne nake so."

Da haka ya koya mana. Ya ce kada a shuka rake da ayaba a bakin kurmi, wannan gayyatar baƙo ce sannan a yi fushi ya zo. A sa citta da barkono, birai ba ruwansu da su. Ya ce wa mata su daina kwantar da jarirai a inuwar bakin kurmi su tafi cire ciyawa. Ya ce murar da muke yi mu warke, su tana kwantar da su har lahira, don haka mai tari ya yi nesa da rafin da suke sha.

Goggo Petel tana nan da ranta, ku tambaye ta. Ta je ɗiban ruwa da jikanta a baya, ta ɗago kai sai ga ƙaton biri a kan dutse yana kallonta. A da, da ihu za ta kurma ta jefe shi da tulu, kuma Allah kaɗai ya san yadda za a ƙare. Sai maganar mai ludayi ta faɗo mata: kada ki gudu, kada ki yi ihu, kada ki zuba masa ido, ja da baya a hankali. Da ta iso gida, ta ce, "Wallahi yau na yi wa biri ladabin da ban taɓa yi wa surukina ba." Ta kwana biyu tana ba da labarin, kullum birin yana ƙara girma.

Sai kuma Ɗanladi mai tarko, wanda ke kafa waya saboda aladun daji. Baffa bai yi masa wa'azi ba. Ya yi masa noma gayya biyu, sannan ya roƙe shi ya raka shi kurmi. Suka laɓe har Gwauro ya sauko shan ruwa. Hannunsa na hagu a shanye yake, yatsun sun ƙanƙance, waya ce ta kama shi tun yana ƙarami. Ɗanladi ya ba ni labarin da bakinsa. Ya ce birin ya tsoma ganye a ruwa da hannu ɗaya yana tsotsa, ɗaya hannun yana lilo.

"Ya ce da ni, 'Ɗanladi, ɗaurin wa ka gani?' Na ce, 'Baffa, ta ina zan sani?' Ya ce, 'Ni ma ban sani ba. Amma gidanku kaɗai ke kafa waya a rafin nan tun zamanin babanka.' Malama, tuwo bai shiga ba ranar."

Ya kwashe wayoyinsa daga bakin rafi, ya koma haƙa wa aladu rami a gefen gona. Yana gunaguni har yau, wai ramin ya fi wahala, amma bai mayar da wayar ba.

Kai ne ka yi wannan, Baffa. Mijin Daso, mai garma kafin harshe. Ba ka taɓa ɗaga wa kowa sanda ba, ba ka taɓa kai ƙarar kowa ba. Bayanka ka sunkuyar a gonakin mutane har suka ji kunyar ƙin sauraronka.

Sai dai hana kisa daban, hana ƙarewa daban. A da itatuwa sun bi rafi tun daga babban kurmi na kan dutse har zuwa ƙaramin kurmin da ke kusa da mu, biran suna hawa suna sauka ta cikinsu. Muka sare, muka yi shinkafa da masara, don mu ma ciki gare mu. Wani ɓangare na garken ya maƙale a ƙasa, sauran suna sama, fili fetal a tsakani, su kuwa ba sa yarda su ratsa fili mai nisa haka. Baffa ya sha faɗa mana a kan kunu cewa 'yan matansu kamar namu suke, in sun girma ba sa zama gidan uba, tafiya suke yi wani garken. Da hanya ta yanke, ba mai fita, ba mai shigowa. Na ƙasan suka yi ta tsufa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura Gwauro. Kowace safiya sai ya doki saiwa, ƙarar ta bi kwari, ta dawo masa.

Baffa ya lallaɓi masu gonakin bakin rafi, wasu suka bar 'yan itatuwa a gaɓa. Amma babban giɓin yana fadamar mahaifinsa ne, wadda aka share ƙal gefe da gefe. Da tsohon ya rasu aka zo rabon gado tsakaninsa da ƙanensa Bobboji. A al'adarmu babba ke fara zaɓa. Baffa ya zaɓi bakin ruwa, inda ƙasa take baƙa wuluk, ya bar wa Bobboji tudu. Bobboji ya ji zafi, don shi ne mai 'ya'ya cike da gida, shi kuwa Baffa matarsa Daso ta rasu, 'yarsu ɗaya tana aure can Gembu. Amma ya haɗiye, ya ce ai in wa ya yi shinkafa, ƙane ba zai kwana da yunwa ba.

Sai Baffa ya kira gayya. Ba ta shinkafa ba. Gayyar dasa itatuwa, ɓaure da cediya da gamji, a mayar da fadama kurmi.

Ni na dama kunun, tunda ba mace a gidansa. Manyan tukwane na cika, ya yanka ɗan akuyansa guda ɗaya da yake da shi. Ya sassaro rassa ya jera su a bakin rafi, ya shimfiɗa tabarmi. Mutumin da ya yi noma a gonar kowa, daga nan har bayan dutse, ya zauna yana jiran a rama masa.

Rana ta fito. Rana ta ɗaga. Yana ta duban hanya, in ya ga mutum sai ya miƙe, sai mutumin ya kauce ya bi wata hanyar. Daga baya na ji abin da ake faɗa a gari. Wai tun da aka halicci gayya, ana kiranta ne a mayar da daji gona, ba a taɓa kiranta a mayar da gona daji ba, kuma duk wanda ya sa hannu ya taya wa cin amanar ƙane. Har yau in na tuna ranar nan raina yana ɓaci. Kun sha gumin mutum shekara da shekaru, ko don kunya ai kwa zo ku tsaya.

Mutum ɗaya ne ya zo, wajen azahar, kuma ba da garma ba. Bobboji ne.

"Hamma, da gaske ne abin da nake ji?" in ji shi, don haka yake kiran wansa.

"Zauna ka sha kunu, Bobboji."

"Ba kunu ya kawo ni ba! Ka ɗauke min bakin ruwa don ka ba biri? Fadamar da Baba ya share da gatarinsa?"

"Hanya ce kawai zan mayar musu. In babu ita, wancan na kurmi shi ne na ƙarshe."

"Ya zama na ƙarshen mana! Ana ruwa ya ci makaɗi, kai kana ganga ta jiƙe. 'Ya'yana za su ci ɓaure ne? Kuma in sun samu hanya, gonar wa za su fara sauka? Ba tawa ba?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Bai ce ƙarya ne ba, domin ba ƙarya ba ne. Ko ni da nake bayansa, na san Bobboji yana da gaskiyarsa, kuma gaskiya mai nauyi.

"To ka ji," in ji Bobboji. "Tunda ka zaɓi dangi, ka riƙe su. Daga yau ba ni ba kai. In na mutu, biri ya zo ya yi maka ta'aziyya."

Ya juya ya tafi. Baffa ya daɗe yana kallon bayansa, sannan ya ɗauki reshe ɗaya ya nufi gaɓa. Na ce, "Baffa, kunun fa?" Ya ce, "Kai wa 'yan makarantarki, kada ya lalace." Da la'asar na waiwayo daga kan hanya, na hango shi shi kaɗai a tsakiyar fadama, yana haƙa, yana dasawa, yana takawa da ƙafa. Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa.

Bobboji ya cika alkawarinsa. Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba gaisuwa. A masallaci in Baffa yana dama, shi yana hagu. Ya hana 'ya'yansa kai wa baffansu ko ɗan tuwo. A gari kuwa aka samu abin dariya. "Gwauro biyu gare mu, ɗaya a kurmi, ɗaya a bakin kurmi." In ya wuce majalisa sai wani ya ce, "Baffa, yaya surukanka? Sun kawo gaisuwar sallah?" Shi ma sai ya yi dariya ya ce, "Suna hanya." Amma ni ce maƙwabciyarsa. Na san mutumin da ke hura wuta da kansa, ya tuƙa ɗan tuwon masara a ƙaramar tukunya, ya ci yana fuskantar bango.

Abin da ya fi ba ni mamaki, bai daina zuwa gayyar mutane ba. Waɗanda suka ƙi zuwa tasa, washegari yana gonarsu. Na taɓa ce masa, "Baffa, kai ba ka da zuciya ne?" Ya ce, "Ina da ita, Dija. Amma in na yi fushi na zauna a gida, wa zai ɗauki ludayin?"

Awaki suka ci wasu dashen, ya sake. Wutar daji ta lashe wani gefe, ya sake. A hankali cediya ta kama, ɓaure ya yi rassa, tsuntsaye suka kawo nasu irin. Fadamar da aka sani da shinkafa ta yi duhu, har yara suka fara jin tsoron bi ta ciki. Su itatuwan suna tashi, shi yana sauka. Gwiwa ta fara, sannan kunne. Gangar da ya yi rayuwarsa yana saurare ta daina isa gare shi. Tun daga lokacin yake hawa tudu ya kafa hannu a kunne don sabo, sannan ya sauko ya tambaye ni.

Farkon damunar bana ya je gaban Jauro da ƙyallen nan nasa, wanda zanen ya kusa gogewa. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, garma ta fi ƙarfina. Wanda bai yi noma ba kuwa ba shi da haƙƙin ludayi. Ga kayan aiki, a ba wani." Jauro ya dubi jama'a, jama'a suka dubi ƙasa. Ni na ɗauko ƙyallen na rataye a ajinmu, don kada ɓera ya ci.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kwanakin baya, masara ta fara nuna, ina shara da safe sai na ji Gwauro ya buga kamar kullum. Ban ko ɗago ba. Can sai na ji wata gangar, daga sama, ta wajen fadama. Sai wata kuma. Sai ihu ya ɓarke, irin wanda rabon da a ji shi a kwarin nan tun ina yarinya. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Na yafa gyale na nufi tudu da gudu, a shekaruna.

An riga ni. Bobboji ne tsaye a kan Baffa, da karan masara a hannu, an ɓare an gwaguye.

"Ka gani? Ka ga abin da na faɗa maka? Danginka sun sauko! Sun bi hanyar taka sun shiga gonata!"

Baffa ya ɗago yana kallon bakinsa. "Me ka ce?"

"Na ce biranka sun cinye min masara!"

"Matso, ba na ji."

Bobboji ya sunkuya, ya kafa baki a kunnensa, ya kwarara ihu. "Hamma! Sun zo! Har da masu goyo! Suna can suna ta buge-buge da wancan gwauron naka, sun hana kowa sakat!"

Na ga fuskar Baffa ta canza a hankali. Ya kama hannun rigar ƙanensa, kamar mai tsoron kada ya gudu.

"Ƙara faɗa."

"Ka ji ni sarai!"

"Na ji. Muryar ce na daɗe ban ji ba. Ƙara faɗa."

Bobboji ya dubi karan da ke hannunsa, ya yar da shi. Ya ce, "Sai ka zo ka nuna min inda ake sa cittar taku ta tsiya." Ya fizge rigarsa ya gangara, bai waiwayo ba.

Na zauna kusa da Baffa. Can ƙasa ana ta bugawa, shi bai ji ko ɗaya ba. Na ce masa a kunne, "Baffa, wannan ihun nasu, gaisuwa ce ko faɗa? Kada fa su kashe shi."

Ya ce, "Ban sani ba, Dija. Sun daɗe ba su haɗu ba, yana iya zama faɗa." Ya share ido da bakin hula. "Ko faɗa ne, ai magana ce."

Gwauro yana nan, an gan shi a sabon kurmi yana bin garken daga nesa-nesa, bai shiga ba tukuna. Bobboji ma ya sake hawa tudun, duk don ya yi masifa a kan masara. Har yanzu bai zauna ba. Amma na lura Baffa ya daina zama a tsakiyar dutsen, yana matsawa gefe ya bar wuri.

Baffa Njobdi, mun gode. Kai ne ka biya wa kwarin nan abin da dukanmu muka ci, kuma da ɗan'uwanka ka biya. Gamji, ka yi inuwa ba ka zauna a ciki ba. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa wancan mai taurin kan ya zauna kafin ɗayanku ya tafi.

Ku kuma mutanen Mayo Kesum da na bayan dutse, ƙyallen yana rataye a ajina, yana jiran mai garma da haƙuri. Wanda ba zai iya ba, ya bar itace a bakin rafinsa. Wanda ko wannan ya fi ƙarfinsa, to akwai gayyar da ake binku. Zumunci a ƙafa yake, tudun kuwa ba shi da nisa. Ku hau da safe ku zauna da shi, ku faɗa masa abin da ake bugawa a kurmi. In kun je ku ɗaga murya, ba ya ji sosai.